Shirun Kwana Huɗu

Baba Arzika, ka tambaye ni a bakin garke,
hannunka a wuyan Kyalla da ta daina tuƙa:
"Kulu, ke da kin ka yi karatun ga a Dundaye,
mi as sa ban gani ba?
Ni da ka gane akuya mai ciwo tun daga tahiyatta?"

Ban amsa ba a ranar.
Ina ɗibar majina a kan auduga,
ƙudaje sun yi mana rumfa.
Ga amsar yau, na rubuto ta cikin dare,
injin ɗakin gwaji na gurnani a bayana.

Jikin akuya gari ne, Baba, da ganuwa da ƙofofi.
Tun ran haihuwa akwai masu tsaro a ciki,
ba wanda ya koya musu aiki.
Ba su san sunan ɓarawo ba, sun dai san warin baƙo.
Ɗaki guda in ya ji an taɓa shi sai ya kwarma ihu,
maƙwabta su ja ƙyaure, su kashe murhu,
zazzaɓi ya tashi kamar gangar yaƙi.
Da haka ta sha korar cutar da ba ka taɓa jin labarinta ba,
kana barci a tabarma.

Wannan kuwa da ya biyo bunsurun Achida
bai zo da sanda ba.
Ƙwayar gero dutse ce a gabansa.
Ya shigo cikin numfashi, wajen kwamin ruwa,
yafe da fatar gidan da ya baro,
har mai gadi ya ce masa sannu da dawowa.
Takardar umarninsa kuma
ya soke ta cikin kube, kada a karanta a ƙofa.

Sai ya yi abin da ya fi ba ni tsoro:
ya nemi mai ihu, ya toshe masa baki.
Inda ihun ya kuɓuce, ya tare ɗan aike a hanya.
Ya hau bayan masu tsaron da kansu,
su suka kai shi kaluluwa, su suka kai shi huhu da hanji,
kamar ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mai ƙona masa gida
har yana tambayarsa ko ya zauna daidai.

Kwana huɗu tana cin harawa, tana tsallake turmi.
Kwana huɗu gari na ci da wuta, ba hayaƙi.
Kafin ido ya yi kwantsa, baki ya yi gyambo,
ɓarawo ya haifi dubu,
sun haura katanga zuwa garken Inno Tumba.

Bar cizon yatsa, idonka bai tsufa ba.
Abin da ya ɓuya wa jinin da yake iyo a ciki,
ina mai kallo daga waje zai gan shi?

Goma sha ɗaya muka ja zuwa rami.
Majemi ya zo neman jar fata, na hana shi,
ya tafi yana zagina ciki-ciki.
Saura bakwai.

Ran Asabar zan zo tun da asuba,
kafin ranar Sakkwato ta lashe ƙanƙara,
akwatin sanyi ɗaure a bayan babur.
Cikin kwalbar akwai ɗan'uwan ɓarawon, an cire masa haƙora.
Za mu zaga gari da shi, kowa ya ga fuskarsa,
don ran da na gasken ya zo cikin rigar aro
a kira sunansa tun daga ƙofa.

Ka riƙe mini su da kyau,
balle ƙaramar nan mai harbi.
In kuma ka sake sayen bunsuru, komai arharsa,
ɗaure shi can gindin aduwa, shi kaɗai, sati uku.
Bar shi ya yi ta kuka, Baba.
Kukan da ake ji ba shi ya cinye mana garke ba.