Hoto na Goma Sha Tara

Yarinyar da ke riƙe da tuta ta ce da ni,
“Baba Ermete, koma bayan farin layi.”
Nives sunanta, yana rubuce a ƙirjin rigarta.
Ko jikata ta girme ta.
Na koma.

Yanzu sun ba mu riga ruwan lemo, da lamba a baya,
sun kafa raga mai tsayin mutum biyu,
sun huda mata 'yar taga daidai bakin kyamara,
ta nan muke leƙen tsere
kamar kaji a akurki.
Samarin da ke gefena suna gunaguni,
wai raga na cinye musu hoto.
Ban ce uffan ba.

Motocin dai su ne.
An sake musu fenti, an goge musu tsufa,
masu kuɗi na lallaɓa su kamar an ɗora musu tiren ƙwai,
amma ƙaurin mai bai canza ba.
Ya shiga hancina, ya buɗe wata ƙofa.

A wannan kwanar, ƙarƙashin hasumiyar cocin ƙauye,
a tsaunukan arewacin Italiya,
shekara sittin da ɗoriya,
babu raga, babu layi,
sai damin ciyawa huɗu da wani manomi ya ba da aro.
Ni da Tullio mukan durƙusa a bakin kwalta,
kusa, har iskar taya na kaɗa mana ƙafar wando.
Yakan ce, hoton da bai babbake maka gira ba,
bar wa mai sayar da katin gaisuwa.
Mu ci burodi da cuku da hannu duk baƙin mai,
mu ƙirga tabon tsakuwa a ƙaurinmu
kamar lambar yabo.

Ran nan rana ta yi kyau, ita ta yaudare mu.
Jar mota mai lamba ashirin da bakwai
ta shigo kwana da ƙafa huɗu,
ta fita da uku.
Idona ɗaya a rufe, ɗaya a cikin kyamara,
kuma na cikin kyamara ba ya ganin gefe.
Wannan ne ba mu taɓa faɗa wa juna ba.
Na ji ƙara.
Sai na ji ƙararrawar coci, ita kaɗai.
Direban ya fito da ƙafarsa,
ya tsufa, har ya ga jikoki.

Bayan mako uku Oriella ta zo
da kyamarar mijinta naɗe a tsumman goge kwano.
Ta ce, “Kai ka san ruwan. Wanke.”
Na rufe ƙofa, na kunna jar fitila,
na tsoma takarda ina jira.

Goma sha takwas duk motoci ne,
kaifi kamar aska, hannunsa ba ya rawa.
Na goma sha tara ba mota ba ce.
Ni ne.
Ya juyo ya ɗauke ni a durƙushe,
harshe a waje kamar yaro mai koyon rubutu,
tsinin takalmina a kan kwalta,
a bayana kuma, can sama ta hagu,
wani baƙin abu zagayayye, dishi-dishi,
yana tahowa.

Ya gan shi ne?
Ko tsokanata yake, don mu yi dariya da dare?
Sauran goma sha bakwai wayam,
haske bai taɓa su ba.
An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
To, amma mu muka je muka zauna masa a hanya.

Jarida ta nema, ban sayar ba.
Yana nan cikin aljihuna, gefensa ya tsattsage.

Ga su nan sun sake zagayowa.
Wani saurayi ya ɗaga igiya, ya zura ƙafa,
taku ɗaya kawai yake so.
Kafin Nives ta kai usur bakinta
na damƙe bayan rigarsa.
Ya waiwayo a fusace,
motar ta wuce, hotonsa ya tafi.
Ya zage ni.
Na ji daɗin muryarsa.