Ciwon Sanyi a Gidimuni

Shekara ashirin ina gareji a Sabon Garin Damagaram,
ba a taɓa kawo mini ƙarar sanyi ba.
Mu zafi muka sani:
radiyato na tafasa, direba na fifita da hula.
Sai ga Zabairu masunci a waya,
wai injin jirginsa ya ƙi ɗumi.
Na yi dariya har kile ya suɓuce mini.

Ran Lahadi na bi motar Gure,
na sauka inda dabino ya yi wa tafki rumfa.
Jirgin na ɗaure cikin kacalla,
injin a gindinsa, tsoho, fentin duk ya ɓare.
Zabairu ya ja igiya sau huɗu,
abin ya tashi da tari irin na mai shan taba.

Muka zaga tafkin, muka sake zagawa,
har inuwar jirgi ta shige ƙarƙashinsa.
Na ɗora tafin hannu a kan silinda.
Da lafiyayye ne, da na janye ba shiri.
Wannan kuwa randa ce da asuba.
Na tara yatsu ga fitsarin injin,
ruwan ya fito yadda ya shiga,
bai koyo komai a ciki ba.

Buji biyu na kwance,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar tuwo.
Lita biyar, in ji shi, ba ta kai shi azahar,
bara kuwa har la'asar da saura.

Ƙanensa Kiyari ya ce mutanen ruwa ne suka shafe shi.
Ni na ce karbirato.
Duk cikinmu babu mai gaskiya.
Awa guda na ɓata ina hure ƙananan kafofi
masu tsabta kamar kunnen jariri,
yara sun kewaye ni suna shan rake,
suna jiran ganin ƙarshen gwanin birni.

Sai na zauna a kan komar da ke shanya,
na tambayi kaina: wa ke tsare ruwa a ciki har ya yi zafi?

Ƙusa uku, murfi ɗaya.
Ga ta nan, ƴar ƙofar tagulla,
ba ta fi ƙwallon goriba ba.
Tamosta.
Kanwar tafki ta yi mata farin rawani,
ta ƙafe baki buɗe,
ruwa na shiga yana fita ba sallama.

Na ari butar shayin Kiyari, bai so ba.
A ruwan sanyi tana buɗe,
a tafasasshe tana buɗe,
duk ɗaya ne a wurinta.
Na aiki yaro ya samo lemun tsami na dala ashirin,
na matse a gwangwani, na jefa ta.
Kumfa ya taso.
An ce kanwa ta kar tsami,
yau a gabana tsami ya rama.

Da ta huce, sai na ji ƙyas.
Ta rufe.

Zagaye ɗaya kawai muka yi.
Na kai hannu, na fizge, na busa yatsu,
Zabairu na dariya har jirgin na tangaɗi.
Hayaƙin ya washe, tarin ya tafi.
Na ce masa wannan ta tsufa, ya sayi sabuwa kafin damina.
Ya ce to, irin to ɗin da na sani.

Jika biyu ya ba ni, da tarwaɗa huɗu a leda.

A mota, kifin na motsi tsakanin ƙafafuna,
na tuna tsohon gwangwanin madara
da ke ƙarƙashin teburina.
Cike yake da irinta,
waɗanda na cire da hannuna daga motocin mutane,
ina cewa nan Damagaram ce, me za a yi da ita.
Ban taɓa ƙirga su ba.
Har muka wuce Mirya ina ƙirgawa a zuci.