Rabin Bulo

Da asuba na isa tashar jirgin ruwa ta Kadikoy,
ni Gulizar, littafi a hammata, igiyar awo a aljihu.
An biya ni in zo in yi tunanin mugu
kafin mugu ya zo ya yi nasa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina tambayar katanga inda ke mata ciwo.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga;
ni ce mai bin tsagar da ɗan yatsa.

Turakun ƙarfen bakin titi, na auna su:
tsakanin na huɗu da na biyar
mota za ta wuce ko fenti ba ta goge ba.
Na rubuta.
Kyamarar da ke saman tagar tikiti,
tun hunturu iska ta murɗe mata wuya,
yanzu teku take gadi, da tsuntsayensa.
Na rubuta.

Sai na zagaya baya.

Ƙofar ƙarfe mai lambobin sirri shida,
kuɗinta ya fi albashina na wata uku,
ga ta hangame,
an tokare ta da rabin bulo.

Rustem mai gadi ya taso, hula a hannu,
furfura ta gama da gashin bakinsa.
"Baiwar Allah, bar wannan, kada ki rubuta.
Jemil ne, yaron shayi. Hannu biyu a kan faranti,
da me zai danna lamba?
Ga kuma kyanwar nan mai ido ɗaya,
shekaranjiya ta haihu a bayan injin ɗumama ɗaki."

Na leƙa. Huɗu ne, ko ido ba su buɗe ba.
Ya miƙo mini shayi a kofin gilas mai siririn ƙugu,
ja wur, yana tiriri.
Na sha.
Na rubuta.

Don wanda nake aron idonsa
ba ya zuwa da ƙaho a ka.
Burodi mai riɗi zai saya kamar kowa,
ya zauna kwana uku yana watsa wa tsuntsaye ɓarɓashi,
yana ƙirga zuwan Jemil da komawarsa.
Kirkin mutane ne mabuɗinsa.
Wannan ne ke hana ni barci.

Daren jiya a wasan makaranta
'yata Nilufer ta fito a matsayin bishiya.
"Mama, kin gan ni?"
Na ce na gani.
Ƙofofin fita na gani: biyu, ɗaya da sarƙa.

A shafi na tara na ce a ba Jemil katin wuya,
ƙofa ta riƙa buɗewa da ƙirjinsa.
A huda kafa daga ƙasa, faɗin tafin hannu,
wadda jaka ba za ta bi ba, sai kyanwa.
Wataƙila manaja ya soke layin nan. Na dai bar shi.

Jirgin takwas da kwata ya yi kuka, ya zubo mutane,
masu jaka, masu lema, wata tsohuwa da kejin tsuntsu.
Babu wanda ya san sunana.
In aikina ya yi kyau, babu labari:
Talata ce kawai, kamar kowace Talata.

Na tura ƙofar har sai da ta ce ƙas.
Bulon yana jakata,
yana ja mini kafaɗa har gida.