Sunan Yanka

Mushe Kyari ya karkaɗe allin hannunsa,
ya ce, a rubuce ƙarfe ke shiga gaba,
a baki kuwa baya yake komawa.
Na da Cl ke nan a allo,
amma in za ki kira shi, kulorir na sodiyom,
kamar a ce Habsu ta Maƙera:
a fara da 'ya, a rufe da gidansu.

Da aka tashi ban bi ta Birni ba,
na miƙe Kasuwar Dole da littafi a ka.
Ayya Gaji na nan bayan faifanta,
kantun Bilma, kanwar Manga, tandu uku na kwalli.

Na ɗaga kantu. Ayya, kin san sunan yankansa?
Na faɗa mata, harshena na tuntuɓe.
Ta ce, wa ya yanka masa rago?
Shekara arba'in ina kiransa gishiri
bai taɓa ƙin amsawa a miya ba.

Kanwa fa, karbonat na sodiyom,
ubansu ɗaya da gishiri.
Ta ce, wannan ko ban shiga lakwal ba na sani,
ai raƙumi ɗaya ke sauke mini su.

Na nuna tsatsar bakin wuƙarta:
okusid na ƙarfe, a bi shi da sanda uku,
don akwai mai sanda biyu, kada a ruɗe.
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.
Mamman Dogo da Mamman Gajere ke nan,
gida ɗaya, suna ɗaya, hali daban.

Sai hannuna ya kai kan tandu.
Da na sani na yi shiru.
Silfir na dalma, Ayya. Farar wuta da dalma.
Mushe ya ce dalma guba ce,
tana bin jinin jariri a hankali,
ba ta ihu, ba ta fita.

Dariyar ta ɗauke.
Ta daɗe tana duban idona,
idon da ta ranbaɗa wa kwalli ran sunana
da wannan yatsa nata.

Inuwa ta sauko daga kan duwatsu,
masu rumfa suka fara naɗe tabarmi.
Ta ce, maimaita.
Na maimaita.
Ta gwada sau biyu, sunan ya ƙi zama a bakinta.

Ran suna a gidan Habsu, bayan kwana tara,
ta tafi da gishiri, ta tafi da kanwa.
Tandu na rataye a ƙusa, bayan ƙyaure.