Sau Goma Sha Huɗu

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
Eliana Huenchumán ta shigo, laimarta na ɗiga,
ta zauna gaban kwamitin ƙarin girma:
mutum uku, da na'ura mai ƙidaya.

Sau goma sha huɗu aka ambaci aikinki
a shekara tara, in ji na'urar.
Biyu ke ce da kanki.

Abokan bincike fa?
Shugaba ya juyo allo, ga taswira kamar saƙar gizo,
ɗigonta can gefe,
ƙwayar hatsi da ta faɗa bayan tabarma.

Ba ta ambaci Anselmo ba,
mai kwalekwalen da ya san muryar kowane kwaɗo,
ya kai ta inda suka daina kuka.
Sunansa na ƙasan shafi, wajen godiya,
inda na'ura ba ta leƙawa.

Da yamma, a bakin kogi, mai kifi ta ce:
'Yata ta karanta takardarki ta kwaɗi,
yanzu ta hana ubanta zubar da baƙin mai a fadama.

Eliana ta karɓi canjinta.
Sha biyar, ta ce a ranta.