Ƙofa Huɗu

Ran Talata na tarar da ita manne a ƙyaure,
wanda ya liƙa ta ko sallama bai yi ba.

Jan tawada: wai gidana gidan haya ne,
rangwamen 'yan fansho bai shafe ni ba.

Daga kan babur ya ƙirga ƙofofina,
huɗu ya gani, bai tambayi na ciki ba.

Ta fari tamu ce, ni da Kande,
shekara arba'in ban karɓi hayarta ba.

Ta biyu ta Dudu, matar marigayi yayana;
in ana cajin marayu, ba a gidan Barau ba.

Ta uku, damina ta ci rufin ɗakin bara,
akuya ce ciki, ba ta san wata ya mutu ba.

Ta huɗu kuwa, ku gafarce ni, ta makewayi ce,
mai shiga bai taɓa neman rasit ba.

Na goge riga, na taka daga Gyallesu,
na isa sakatariya hantsi bai dubi ludayi ba.

Taga ta ɗaya ta tura ni ta biyar,
ta biyar ta ce fayil bai iso ba.

Wani yaro, sa'an autana, yana latsa waya:
"Baba, biya tukuna, ƙorafi ba gudu zai yi ba."

Na ce, ɗana, shekara talatin da uku
na yi a gidan waya, wasiƙa ba ta ɓata a hannuna ba.

Takarda ba ta jin tsoron kowa sai 'yar'uwarta,
shi ya sa ban zo da baki kaɗai ba.

Na zaro rasit tun na zamanin sule,
waɗanda gara ta lasa, ba ta cinye ba.

Ga wasiƙar ƙorafi, ga sa hannun mai unguwa,
buga mini hatimin karɓa, ba roƙo na zo ba.

Ya buga, tawada ta bushe; ya hura, ya sake.
Ƙarar ta yi mini daɗin da ban zata ba.

An ce kwamiti zai zauna bayan Sallah,
wace Sallar dai, ba su faɗa ba.

Ba na gudun haraji, kwatar layinmu na jiransa,
na ɗakin da nake kwana ban taɓa ƙi ba.

In za su zo, su sauko daga babur,
Kande za ta dama kunu, ba mu rasa tabarma ba.

Su leƙa ɗaki na uku, su gaisa da 'yar hayar,
su tambaye ta dalilin da ba ta biya ba.