Kifewa a Tafkin Garda

Rana ta karkata, iskar kudu ta faɗo Garda
ba sallama.
Nives na riƙe da akala,
Ilaria ta maƙala ƙugiya a ƙugu,
ta miƙe bisa ruwa,
tafin ƙafarta kaɗai ke gaisawa da jirgin.

Sha shida-shida suke.
Jirgin bai kai nauyinsu ba,
sai rawar kai.

A kwana ta uku
Nives ta ce, "Juya!"
tun igiya ba ta bar hannun Ilaria ba.
Filafili ya sha ruwa.
Sanyi har cikin haƙori.

Jirage tara suka wuce.
Ba wadda ta tambayi laifin wa.
Suka tako, suka ja,
ya tashi yana tsiyaya,
suka bi sahun na taran,
haɓar Ilaria na kaɗawa,
tana dariya.